Ra'ayinmu: Jodha Akbar da tatsuniyar "za ta so shi daga baya"

A gidajen Hausawa da dama, da zarar an ambaci Sarki Akbar na Indiya, fuskar jarumi Rajat Tokas ce ke fara zuwa zukata, sanye da rawani da kayan sarauta, yana duban wata gimbiya da ta ɗaure masa fuska. Shirin Jodha Akbar, wanda kamfanin Balaji Telefilms na Ekta Kapoor ya shirya, tashar Zee TV ta nuna shi daga watan Yunin 2013 zuwa Agustan 2015, cikin fitowa sama da 500, inda Paridhi Sharma ta fito a matsayin Jodha. Kafin shi an yi fim a kan wannan labari a shekarar 2008, wanda Hrithik Roshan da Aishwarya Rai suka jagoranta. Shekaru sun shuɗe, amma labarin bai tsufa a wurinmu ba. Ya shigo ta tashoshin tauraron ɗan Adam, ya shigo ta wayoyin hannu, ya kuma samu masu fassara shi da harshenmu, har ya zama uwa da 'yarta da ƙanin miji suna zama tabarma ɗaya suna bin sa.

Ga wanda bai kalla ba, ƙashin bayan labarin gajere ne. Jalal matashin sarki ne Musulmi, mai tsananin zuciya, wanda aka rene shi a kan cewa mai mulki ba ya bukatar tausayi. Jodha 'yar sarkin Amer ce daga ƙabilar Rajput, mabiya addinin Hindu, ta tsane shi tun kafin ta san shi, har ta yi alwashin ganin bayansa. Siyasa ta tilasta mahaifinta ya ba da ita gare shi. Ta shiga fada tana ƙi, shi kuma ya karɓe ta da niyyar karya girman kanta. Daga nan sai makircin kishiyoyi da na fadawa, da wata mace mai dafi a jiki da aka turo ta halaka sarki, da tsafi da shigar ruhi jikin mutum a fitowar ƙarshe-ƙarshe. A hankali ƙiyayya ta narke, sarki ya yi laushi, gimbiya ta kamu da son wanda ta rantse ba za ta so ba.

Mai karatu zai iya tambaya me ya kawo wasan kwaikwayo shafin al'amuran addini. Dalili biyu ne. Shirin ya ɗauki sunan sarki Musulmi da daular Musulmi ya gina labarinsa a kai, kuma ga yawancin yaranmu shi ne kaɗai darasin da suka taɓa samu game da daular Mugal. Sannan darasin da yake maimaitawa dare bayan dare ya shafi wani ciwo da ke cikin gidajenmu: tunanin cewa ƙin da yarinya ta nuna ranar ɗaurin aure share fage ne kawai, soyayya na nan tafe. Matsayinmu shi ne wannan tunani ba shi da madogara a tarihin da shirin ya jingina da shi, kuma Shari'a ba ta gina aure a kansa ba.

Abin da tarihi ya adana

An haifi Jalaluddin Muhammad Akbar a shekarar 1542, ya hau gadon mahaifinsa Humayun a 1556 yana ɗan shekara 13, Bairam Khan na riƙe masa ragamar mulki har zuwa 1560. Ya rasu a 1605. A farkon 1562, yana kan hanyarsa ta ziyarar kabarin Shaihu Mu'inuddin Chishti a Ajmer, Raja Bharmal na Amer ya zo ya same shi. Bharmal na cikin matsi a lokacin. Mirza Sharifuddin Husain, gwamnan Mugal na yankin kuma surukin sarki, ya goyi bayan wani ɗan uwansa mai neman kujerarsa, ya ɗora masa haraji, ya kuma riƙe ɗansa da 'ya'yan 'yan uwansa a matsayin garkuwa. Mafitar da Bharmal ya gani ita ce ya miƙa wuya ga Akbar kai tsaye, ya ba shi auren 'yarsa. An yi bikin a garin Sambhar a kan hanyar sarki ta dawowa. Ɗansa Bhagwant Das da jikansa Man Singh suka shiga hidimar fada, daga baya suka zama cikin manyan kwamandojin daular.

Har zuwa nan shirin bai yi nisa da gaskiya ba: aure ne na siyasa, aka ƙulla shi a kan bukatar maza. Inda hanya ta rabu shi ne a kan ita amaryar. Abul Fadl, marubucin fada wanda ya rubuta Akbarnama, ya kawo labarin auren, amma bai kira ta Jodha ba, bai kuma faɗa mana ko ta so ko ta ƙi ba. Tarihin Mugal ya san ta ne da laƙabin Maryamuz Zamani. Sunan Jodha ya yaɗu ne bayan ƙarni biyu da rabi, musamman ta hanyar rubutun wani jami'in mulkin mallaka na Birtaniya, James Tod, wanda littafinsa kan Rajasthan ya fito a 1829 da 1832. Masana tarihi da yawa na ganin sunan ya fi dacewa da wata gimbiyar Jodhpur wadda ta auri Jahangir, ɗan Akbar, ta haifi Shah Jahan mai ginin Taj Mahal. Wato dai an ɗauki sunan suruka an liƙa wa uwar miji. Fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960 ya ƙara kafa sunan a zukatan jama'a. Wannan ruɗani na daga cikin abin da ya sa wasu ƙungiyoyin Rajput suka yi bore a 2008, har gidajen sinima na jihar Rajasthan suka ƙaurace wa nuna fim ɗin a lokacin fitowarsa.

Saboda haka alwashin da Jodha ta yi, da fushinta, da ranar da zuciyarta ta juya, duk aikin marubutan shirin ne. Sun samu shiru a cikin littattafai, suka cike shi da abin da zai riƙe mai kallo shekara biyu.

Akwai wasu wuraren da aka lanƙwasa tarihi don labari ya yi tsawo. Maham Anga, uwar goyon sarki, wadda shirin ya mayar da ita uwar makirci na tsawon lokaci, ta rasu ne a 1562, 'yan watanni bayan auren, jim kaɗan da kashe ɗanta Adham Khan, wanda Akbar ya sa aka jeho daga bene saboda ya kashe waziri Ataga Khan. Batun cewa soyayyar mace ɗaya ce ta sauya sarki daga mayaƙi zuwa mai tausayi shi ma bai jitu da jerin shekaru ba. A 1568, shekara shida bayan auren, rundunar Akbar ta ci ganuwar Chittor ta 'yan Rajput, aka kashe dubban mutane bayan an gama yaƙi. A 1570 kuma ya ƙara auren gimbiyoyin Rajput daga gidajen sarautar Bikaner da Jaisalmer. Auren Amer ƙofa ce ta wata siyasa da ya ci gaba da bi, ta ɗaure sarakunan Rajput da igiyar surukuta.

Abin takaici shi ne matar ta gaskiya ta fi ta talabijin abin ba da labari. Ita ce ta haifi Salim a 1569, wanda aka sa wa sunan Shaihu Salim Chishti na Sikri, ya kuma zama Sarki Jahangir. Ta kasance cikin 'yan tsirarun matan fada da ke da ikon fitar da takardar umarni da sunansu. Ta yi fataucin shuni da sauran kaya zuwa ƙasashen ƙetare. Tana da katafaren jirgin ruwa mai suna Rahimi, wanda ke ɗaukar kaya da mahajjata ta tekun Bahar Maliya. Da 'yan Fotugal suka kama jirgin a 1613 da ɗaruruwan fasinjoji, ɗanta Jahangir ya sa aka yi wa garin Daman da ke hannunsu ƙawanya, aka kuma rufe cocinsu da ke Agra. Akwai masallaci mai ɗauke da sunanta a Lahore, wanda aka gina tsakanin 1611 da 1614, yana nan har yau. Ta rasu a 1623, aka binne ta a Sikandra, kusa da kabarin mijinta. Mace mai jirgin alhazai da fatauci da faɗa a ji a daula, ita ce aka taƙaita a hawaye da kishi da jiran ranar da sarki zai dube ta.

Sarkin da aka goge wa tabo

Wajibi ne ɗalibi Musulmi ya san cewa Akbar na tarihi mutum ne da malaman zamaninsa suka yi saɓani mai zafi a kansa. Babu musun cewa gwani ne a tsarin mulki da haraji da haɗa kan ƙabilu. Ya soke harajin da ake karɓa daga masu ziyarar wuraren bautar Hindu a 1563, ya soke jiziya a 1564. A 1575 ya gina zauren muhawara, Ibadat Khana, a Fatehpur Sikri, inda aka fara da malaman Musulunci, daga baya aka buɗe wa 'yan Hindu da Jain da Majusawa da limaman Kirista da suka zo daga Goa a 1580. A 1579 aka sa manyan malamai hannu a wata takarda da ta ba sarki ikon zaɓar hukunci idan malamai suka saɓa. Wajen 1582 ya kafa wata da'ira ta mabiya da ke yi masa mubaya'a ta musamman, wadda aka fi sani da Dinil Ilahi. Masana na saɓani a kan ko sabon addini ne ko tsarin biyayya ga sarki, amma mabiyanta ba su da yawa, kuma ba ta daɗe bayan rasuwarsa ba.

Abdulƙadir Bada'uni, malami a fadar, ya rubuta tarihinsa Muntakhabut Tawarikh a ɓoye, yana kuka da abin da ya gani na raunana alamomin Musulunci. Shaihu Ahmad Sirhindi, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1624, ake kuma yi masa laƙabi da mujaddadin dubu ta biyu, ya shafe rayuwarsa yana rubuta wa manyan daula wasiƙu a kan farfaɗo da Sunna bayan wannan zamani, har Jahangir ya tsare shi a Gwalior a 1619. Ba aikinmu ba ne mu yanke wa Akbar hukunci, al'amarinsa na wurin Ubangijinsa. Amma wannan muhawara tana cikin mafi muhimmanci a tarihin Musulmin Indiya, kuma yaron da ya kalli fitowa 500 zai tashi bai ji ƙamshinta ba. Abin da zai riƙe shi ne sarki ya zama mutumin kirki ne gwargwadon yadda ya sassauta a kan iyakokin addininsa saboda so.

A nan akwai hukuncin da ya kamata iyaye su faɗa wa 'ya'yansu a sarari, cikin ladabi ga mabiya kowane addini. Aya ta 221 ta Suratul Baƙara ta hana Musulmi auren mace mai bautar wanin Allah har sai ta yi imani, aya ta 5 ta Suratul Ma'ida kuma ta halatta kamammun mata daga Ahlul Kitabi, wato Yahudu da Nasara. Hoton da shirin ke nunawa na matar sarki Musulmi tana hidimar abin bautarta a cikin ɗakinta, a matsayin ƙololuwar soyayya, ba ya zama hujja don an ce sarki ne ya yi. Adalci da kyautata wa maƙwabcin da ba Musulmi ba umarni ne na addini, amma aure yana da nasa sharuɗɗa, kuma aikin masu mulki ba ya cikin tushen Shari'a.

Inda labarin ya taɓa gidajenmu

Mafi girman abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne salon labarin kansa. Marubucin irin wannan shiri yana bukatar gimbiya ta ƙi, domin idan ta amince tun ranar farko babu abin da za a kalla. Yana kuma bukatar ta so shi a ƙarshe, domin idan ta ci gaba da ƙi masu kallo za su watse. Ƙiyayyar da soyayyar duka kayan sana'a ne, kuma ƙarshen a rubuce yake tun kafin a kunna kyamara. Mai kallo ya san haka, shi ya sa duk kukan da Jodha za ta yi ba ya tayar masa da hankali, yana ma ƙara masa daɗin jira.

Matsalar ita ce wannan sabo ba ya tsayawa a gaban talabijin. Kalmomin da ake faɗa wa yarinyar da aka yanke wa aure ba da son ranta ba, mun san su: yarinta ce, za ta saba, da ta haihu shi ke nan, mu ma haka aka yi mana. Ba Indiyawa ne suka kawo mana su ba, sun girmi talabijin, kuma littattafanmu na soyayya da finafinanmu na gida sun daɗe suna juya wannan jigo. Abin da shiri irin Jodha Akbar ya ƙara shi ne ya yi wa tunanin ado da zinariya da kiɗa, ya ɗora masa hatimin tarihi. Uba ya samu abin kwantar da zuciyarsa, saurayin da aka ce ba a so ya ɗauki kansa Jalal mai jiran nasara, ita kuma yarinyar ta fara zargin kanta, tana cewa ƙila ita ce ba ta yi haƙuri ba. A rayuwa babu marubucin da ya tanadi fitowa ta 300. Alƙalan kotunan Shari'a da masu unguwanni da limaman da ake kai wa ƙara sun san sauran ƙarshen da ba a nunawa: yaji bayan yaji, zaman doya da manja, guduwa daga gida, saki da goyo a baya, wani lokacin ma abin da ya fi haka muni.

Sunnar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Bukhari ya ruwaito labarin Khansa'u 'yar Khidam, Ba'ansariya, wadda mahaifinta ya aurar da ita tana bazawara ba da yardarta ba. Ta kai ƙara, Manzon Allah ya warware auren. Ba a ce ta koma ta gwada shekara ɗaya ba. Bukhari da Muslim sun kuma ruwaito umarnin a nemi bazawara ta furta yardarta, a nemi izinin budurwa, kuma aka ɗauki shirunta a matsayin izini saboda kunya. Shirun kunya ake nufi. Wadda ta buɗe baki ta ce ba ta so, ba ta yi shiru ba.

Labarin Barira ya fi kowane kusa da abin da muke magana a kai. Baiwa ce da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta saya ta 'yanta, sai Shari'a ta ba ta zaɓin zama da mijinta Mugisu ko rabuwa da shi. Ta zaɓi rabuwa. Mugisu ya riƙa bin ta a hanyoyin Madina yana kuka, hawaye na jiƙa gemunsa, har Manzon Allah ya tausaya masa, ya yi mata maganar ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya bayyana mata cewa ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta da bukatarsa, aka bar ta a kan zaɓinta. Da marubucin talabijin aka ba wannan labari, da ya ja shi har sai ta faɗa hannun Mugisu, domin ga masoyi na gaskiya, ga hawaye, ga mafi girman mai ceto. Amma a Madina ƙin mace ya tsaya a matsayin ƙi, kuma mafificin halitta bai mayar da shi wasa ba. Haka matar Sabitu ɗan Ƙaisu, wadda ta ce ba ta zarginsa a addini ko hali, sai dai ba za ta iya zama da shi ba: aka umarce ta ta mayar da gonar da ya ba ta sadaki, aka raba su. Wannan shi ne asalin khul'i.

Mun san abin da ɗalibin fiƙihu zai ce, kuma ya kamata a amsa masa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, uba yana da haƙƙin ijbari a kan 'yarsa budurwa, kamar yadda yake a Risala da Mukhtasar. Haka ne. Amma malaman da suka ba shi wannan haƙƙi sun gina shi ne a kan zaton cewa babu mai tausayin 'ya kamar ubanta, kuma babu wanda ya fi shi neman maslaharta. Shi ya sa suka keɓe shi ga uba da wasiyyinsa, ba su ba wa baffa ko yaya ba, suka so a shawarci baliga, suka kuma hana a tilasta mata auren mai aibin da zai cutar da ita. Amana ce aka ɗora masa, za a tambaye shi a kanta. Wanda ya yi amfani da ita don biyan bashi, ko riƙe abota, ko neman kusanci da mai mulki, ya aikata irin abin da Bharmal ya yi, ya sayi kwanciyar hankalinsa da rayuwar 'yarsa. Ya kuma kamata a sani cewa mazhabar Hanafiyya, wadda ita ce ta daular Mugal ɗin kanta, ba ta yarda a tilasta wa baliga mai hankali aure ba, budurwa ce ko bazawara, kuma Ibn Taimiyya ya rinjayar da wannan ra'ayi. Aya ta 21 ta Suratur Rum ta ambaci natsuwa da ƙauna da jinƙai a matsayin abin da Allah Ya sanya tsakanin ma'aurata. Mai neman waɗannan ga 'yarsa ba zai fara da toshe kunne ga maganarta ba.

Za a ce ai aure da yawa an yi su ba tare da soyayya ba, kuma ƙauna ta zo daga baya. Gaskiya ne, kakanninmu da yawa shaida ne. Sai dai a bambanta auren haɗi da auren dole. A na farko iyaye sun duba addini da hali da asali, sun gabatar, yarinya ba ta san shi sosai ba amma ba ta ƙi ba, ta amince da zaɓinsu. Wannan hanya ce mai albarka, kuma sau da yawa ta fi zaɓin ido daɗewa. A na biyu ta san shi, ta ce a'a, aka bi ta kanta. Wanda ya haɗa su a ma'auni ɗaya ya zalunci na farko, ya kuma wanke na biyu. Idan wata da aka tilasta ta dace daga baya, rahamar Allah ce ta riske ta, kuma samun rahama bayan kuskure ba ya mayar da kuskuren sunna.

Abin da ya rage gare mu

Wasu za su ce wasa ne kawai, kowa ya san ƙirƙira ce. Da a ce sunayen ƙirƙira aka sa, da maganar ta fi ƙarfi. Amma an ce Akbar, an ce Agra, an ce Amer, kuma yaro ɗan shekara 12 ba shi da ma'aunin da zai raba ranar auren da ta tabbata da mace mai dafi da ba ta taɓa wanzuwa a fadar ba. Abin da ido ya gani sau ɗari ya fi zama a zuciya fiye da abin da kunne ya ji sau ɗaya a aji. Ba kuma muna cewa babu abin kirki a shirin ba. Yana nuna munin makirci da annamimanci, yana nuna miji da ya koyi neman afuwa, yana girmama cika alkawari. Amma mai tsince tsakuwa a shinkafa sai ya san kamannin tsakuwa.

Ga iyaye, shawararmu ita ce kada a bar yara su kaɗai da irin waɗannan shirye-shirye, kuma kada a wadatu da kashe talabijin, domin wayar na nan. A zauna a yi magana. Tambaya ɗaya bayan an gama kallo, a kan ko daidai ne a aurar da mace tana ƙi, za ta buɗe ƙofar da wa'azin sa'a guda ba zai buɗe ba. A kuma tuna musu cewa tsafi da neman taimakon matsafa da ake nunawa kamar kayan ado suna cikin manyan zunubai masu halakarwa, kuma sallar Isha'i ba ta jiran a gama fitowa.

Ga ɗalibai, wannan dama ce ta karatu. Musulunci ya yi ƙarnuka yana mulki a Indiya, daular Mugal kaɗai ta faro daga Babur a 1526, Turawan Birtaniya suka kawo ƙarshenta bayan boren 1857. Daga wannan ƙasa aka samu Sirhindi da Shah Waliyyullah Dahlawi da tarin fatawoyin Hanafiyya da aka haɗa a zamanin Aurangzeb. Wanda ya san sunan kowace kishiya a fadar Jalal, bai kamata a ce bai san waɗannan ba. Makarantun Islamiyya da sassan tarihi na jami'o'inmu su ma suna da aiki, domin rubutun Hausa a kan tarihin Musulmin Indiya bai kai ko kusa da yawan finafinan Indiya da aka fassara mana ba.

Ga masu fassara da tashoshin da ke nunawa, ƙaramin abu ne a sanar da mai kallo cikin Hausa bayyananniya, a farkon kowace fitowa, cewa labarin ƙagagge ne da aka jingina da sunayen tarihi. Ga marubutanmu da masu shirya finafinai, muna roƙon a ba mu labarin da yarinya ta ce a'a, aka saurare ta, gidan bai rushe ba, zumunci bai yanke ba. Irin wannan ma yana faruwa, kuma ya cancanci a gani.

Ga malamai da limamai masu ɗaura aure, nauyin ya fi yawa. Kafin a karanta Fatiha a raba goro, a tabbatar an ji daga bakin yarinyar ta hanyar wadda ta amince da ita, a wurin da ba ta jin tsoro. Jinkirin mako ɗaya ya fi shari'ar shekara uku sauƙi.

Ga uban da ke riƙe da maganar auren 'yarsa a yau, yana jin ta ce ba ta so, yana kuma gaya wa kansa cewa za ta so shi daga baya: babu wanda ya ba ka wannan tabbaci. Littattafan fada ba su tambayi 'yar Bharmal ra'ayinta ba, shi ya sa bayan shekara 450 wasu suka zauna suka ƙirƙira mata. Taka 'yar tana gabanka, tana da baki, kuma Manzon da kake bi ya yi umarni a tambaye ta. Ka tambaye ta, ka kuma ɗauki amsarta da nauyin da Shari'a ta ba ta.

Allah Ya ba 'ya'yanmu abokan zama nagari, Ya sanya natsuwa da ƙauna da jinƙai a gidajenmu, Ya kuma ba iyaye ikon sauke amanar da Ya ɗora musu.